A Ba Ma'aikacin Masana'anta Kujera Kafin a Yanke Hukunci a Kan Aikinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana da ke cikin jam'iyyun kare muhalli da na gurguzu, a duk ƙasar da suke, musamman waɗanda ke shirin zaɓen shugabanninsu na cikin gida. Ni ma'aikacin masana'anta ne. A sashen gyaran injuna na yi ƙuruciyata, na riƙe muƙami a reshen ƙungiyarmu ta ƙwadago, kuma ina da katin jam'iyya da nake biyan kuɗinsa. Na yarda duniya tana ɗumama, na yarda hayaƙin kwal da mai da gas ne silar abin, kuma na yarda dole a rage shi. Ba sai an yi wa ma'aikaci lacca a kan illar hayaƙi ba, domin huhunsa ke fara shaƙa kafin ya fita ta bututu ya kai ga mutanen gari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan aka zo tsara yadda za a rufe wannan tanderu ko wancan ramin haƙar kwal, mutumin da ke ciyar da iyalinsa da wurin ba ya cikin ɗakin. Kuma tun daga ranar zaɓen cikin gida ake barinsa a waje.

A dubi abin da ya faru a Port Talbot, garin ƙarfe na yankin Wales a Birtaniya. A shekarar 2024 kamfanin Tata Steel ya kashe manyan tanderunsa biyu na narka ƙarfe, na ƙarshen a ƙarshen watan Satumba. Gwamnati ta amince ta ba da fam miliyan 500 don a gina sabon tanderu mai aiki da lantarki, wanda zai riƙa narka tsofaffin ƙarafa, hayaƙinsa kuma bai kai na da ba ko kusa. A takarda abin ya yi kyau. Amma kimanin mutum 2,800 ne aka ce aikinsu zai tafi, sabon tanderun kuwa sai bayan shekaru zai fara aiki, kuma ko ya fara ba zai buƙaci hannaye da yawa kamar na da ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun kawo nasu tsarin, na a bar tanderu ɗaya yana ci har a gama gina sabon, kamfanin ya ƙi, ya ce asarar da yake tafkawa kullum ba za ta bari ba. Ina tambaya: mutumin da ya haura hamsin, wanda bai san wata sana'a ba sai zuba narkakken ƙarfe, idan ka ce masa ya yi haƙuri aikin zamani na nan tafe, da me zai biya haya kafin ya iso?

Jamus ta bi wata hanya, duk da ita ma tana da nata aibin. A tsakiyar shekarun 1950 wajen mutum 600,000 ne ke aikin haƙar baƙin kwal a yammacin ƙasar. An daɗe ana rage su sannu a hankali, da ritayar wuri, da koyar da sabuwar sana'a, da mayar da mutum wani rami idan nasa ya rufe. A 2007 aka sa ranar daina tallafa wa harkar, kuma a watan Disamba na 2018 aka rufe rami na ƙarshe, Prosper-Haniel, a garin Bottrop. Kowa ya san ranar tun shekara goma sha ɗaya kafin ta zo. Da aka zo batun sauran kwal ɗin da tashoshin lantarkin da ke ƙona shi, gwamnati ta kafa kwamiti a 2018, ta zaunar da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni da masu fafutukar muhalli da wakilan yankunan da abin ya shafa a teburi ɗaya. A Janairun 2019 suka fito da matsaya: a daina ƙona kwal nan da 2038, a zuba wa yankunan kuɗi har Yuro biliyan 40, ma'aikacin da ya kai shekara 58 kuma a riƙe shi da alawus har ya isa fansho. Masu kare muhalli da yawa sun ce 2038 ta yi nisa, kuma ina ganin suna da hujja. Amma ba a wayi gari an miƙa wa dubban magidanta takardar sallama ba. Sifaniya ma a Oktoban 2018, ƙarƙashin gwamnatin 'yan gurguzu ta Pedro Sánchez, sai da ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyoyin mahaƙa, da Yuro miliyan 250 na farfaɗo da yankunan, kafin a rufe ramukan.

Bambancin bai wuce wanda aka zaunar a teburi ba. Wanda zai zauna a teburi kuwa, a cikin jam'iyya, zaɓen cikin gida ke fitar da shi.

Mutane na raina wannan zaɓe, alhali a nan ake gama komai. A taron reshe ake zaɓen wakilai, wakilai su je babban taro su zaɓi shugabanni, su amince da manufofin da za a shiga babban zaɓe da su, su jera sunayen 'yan takara. Yanzu a duba wanda ke iya halartar taron reshe. Ana sa shi ne da yamma a ranar aiki, ko a intanet na tsawon awa uku, da tulin takardun da sai mai kwamfuta da sararin karatu zai iya bi. Malamin jami'a zai zo, lauya zai zo, ɗalibi zai zo, wanda ya yi ritaya zai zo. Duk mutanen kirki ne, ban taɓa shakkar niyyarsu ba. Amma mai dutin dare a wannan lokacin yana ɗaura takalmin aiki, wanda ya tashi daga dutin rana kuwa jikinsa ya mutu, kunnensa bai daina amo da ƙarar inji ba. Macen da ta tsaya awa takwas a gaban injin ɗinki ko na cika kwalba, yara na jiranta a gida. Ma'aikacin wucin gadi yana tsoron kada hotonsa ya fito a taron siyasa, labari ya kai ga manaja, a ƙi sabunta masa kwantaragi.

Na taɓa zama a wani taro irin wannan, inda aka kawo ƙudurin neman a rufe wata masana'antar sinadarai da ke zubar da dagwalo a rafi. Gaskiya ne tana zubarwa, kuma ni ma ina son a daina. Na miƙe na tambayi mai gabatar da ƙudurin mutum nawa ke aiki a wurin, nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan kwantaragi, kuma ko an yi magana da reshen ƙungiyarsu. Ba wanda ya sani. An san sunan kowane sinadari da ke cikin ruwan, an auna shi, an zana taswira, amma ba a ƙirga mutanen ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: da an tambayi ma'aikatan, da sun faɗi wace na'urar tace ruwa ce ta lalace, tun yaushe, da wanda ya hana a gyara, domin su suka fara kai ƙara, su kuma aka fara yi wa barazana.

Kada wani ya ce mini ba a iya gyara wannan. Jam'iyyar Greens ta Jamus, wadda aka kafa a 1980, ta rubuta a dokokinta tun 1986 cewa aƙalla rabin kujeru na mata ne, kuma suna na farko a jerin 'yan takara mace ce ke da shi. Sun lura cewa idan aka bar abin ga sa'a, maza za su cika ɗaki, sai suka ɗaure kansu da doka, kuma ta yi aiki. Jam'iyyar da ta iya yin wannan za ta iya ware kujerun wakilai ga waɗanda ke aiki da hannunsu a masana'anta, ma'aikatan kansu nake nufi, waɗanda har yanzu suke buga kati da safe. Haka nan tsarin kowane ɗan jam'iyya ƙuri'a ɗaya yana da kyau, da shi Jam'iyyar Green ta Ingila da Wales ta zaɓi Zack Polanski a matsayin shugabanta a Satumban 2025, kuma ta hanyar ƙuri'ar mambobi ne jam'iyyar Labour ta Holand da GroenLinks mai kare muhalli suka amince a 2025 su haɗe. Amma ƙuri'a ɗaya ga kowa tana amfani ne ga wanda ya riga ya shiga rajista. Idan ba ka je ƙofar masana'anta ka yanka wa mutane kati ba, ƙuri'arsu ba ta cikin akwatin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, tunanin kare ma'aikaci yayin da ake tsabtace masana'antu daga wurin ma'aikata ya fito. Tony Mazzocchi, jigo a ƙungiyar ma'aikatan mai da sinadarai da nukiliya ta Amurka, shi ne a farkon shekarun 1990 ya ce tunda gwamnati ta ware asusu don tsabtace ƙasar da guba ta ɓata, to a ware makamancinsa don ma'aikacin da zai rasa aiki saboda an hana gubar. Daga nan maganar ta yaɗu, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kanta a 2015, maganar ta kuma shiga gabatarwar Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a shekarar. Kafin shi, a 1976, ma'aikatan kamfanin Lucas Aerospace a Birtaniya da suka ga sallama na tunkaro su sun zauna da kansu, suka tsara kayayyaki kusan 150 da za su iya ƙerawa da injunan da ke gabansu maimakon kayan yaƙi, har da na'urar wankin ƙoda da injin samar da lantarki daga iska. Shugabannin kamfanin suka yi watsi da tsarin. A Sydney ta Ostareliya, leburorin gini ƙarƙashin Jack Mundey ne suka ƙi ɗora bulo a kan dajin Kelly's Bush a 1971. Chico Mendes, wanda aka harbe a Brazil a Disamban 1988 saboda kare dajin Amazon, shugaban ƙungiyar masu tatsar roba ne. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a wannan gwagwarmaya, da za a riƙa gayyatar irinsu su yi jawabin minti biyar a tafa musu su tafi.

Mu ma 'yan gurguzu da 'yan ƙwadago akwai gyara a wajenmu. Akwai shugabannin ƙungiya da ke kare kowane bututun hayaƙi kamar ba za a taɓa rufe shi ba, har ranar da kamfani zai rufe da kansa ba tare da an shirya komai ba. Akwai masu zuwa babban taro da ƙuri'un dubban mambobi a aljihu, ba su tambayi ko mutum ɗaya ra'ayinsa ba. Kuma sau da yawa yarjejeniyar sallama kan tsaya ga ma'aikatan dindindin, a manta da direban da ke kawo kaya, da mai shara, da mai gadi, da ɗan kwantaragin da ya fi kowa shiga wuri mai haɗari.

Wanda yake ganin za a iya tsallake talaka a ci nasara, ya tuna Faransa. A Nuwamban 2018 ƙarin harajin man fetur da aka ce don muhalli ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa kan tituna, mafi yawansu mutanen karkara da gefen birni da ba su da hanyar zuwa aiki sai mota. Kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye ƙarin. Muhalli bai samu komai ba, masu cewa ɗumamar yanayi ƙarya ce kuma suka samu abin faɗa.

Don haka ga roƙona ga duk mai ƙuri'a a zaɓen cikin gida mai zuwa. A sa taron reshe sau biyu, safe da yamma, yadda kowane duti zai samu, a bar akwatin ƙuri'a a buɗe na kwanaki, a rage kuɗin kati ga mai ƙaramin albashi da wanda aka sallama. A rubuta a dokar jam'iyya cewa ba za a karɓi ƙudurin rufe wata masana'anta ba sai an haɗa shi da adadin ma'aikatanta har da 'yan kwantaragi, da shaidar cewa an zauna da su, da bayanin wanda zai biya albashinsu da fanshonsu a tsakanin rufe tsohon aiki da buɗe sabo. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi masana'antar da ya shiga a shekarar nan, da sunan wakilin ma'aikatan da ya zauna da shi, da abin da wakilin ya gaya masa. In ya kasa amsawa, ku tsayar da ɗaya daga cikin ma'aikatan ya kara da shi.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani ma'aikacin masana'anta, ɗan ƙungiyar ƙwadago