Amsa ga Baba Liman kan ɗan kuɗin yaƙi da ƙanjamau a garin Gadarif na Sudan

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam.

A taron unguwa ka tambaye ni a gaban jama'a: me ya sa ɗan abin da ake samu don yaƙi da ƙanjamau yake ƙarewa a kan mutane ƙalilan, har da waɗanda ka ce su suka jawo wa kansu, maimakon a buga takardu, a zagaya masallatai da makarantu a faɗakar da kowa? Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsata inda kowa zai gani.

Baba, a Sudan masu ɗauke da wannan cuta ba su kai ko mutum 1 cikin 100 ba. In muka bi gida-gida muna gwaji, kayan gwajin za su ƙare kafin mu sami ko 'yan kaɗan, alhali mun san hanyoyin da cutar ke bi. Kai manomi ne. In ruwa ya yi ƙaranci, gindin shuka ake zuba wa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 muke karɓar baƙi. A Disambar shekarar mutanen Madani suka kwararo, a 2024 kuma na Sinja da Sinnar, har da danginmu na wajen garin Mai Wurno. A cikinsu akwai masu shan maganin ƙanjamau shekara da shekaru, sun gudo ba kati, ba ƙwaya. Wanda yake shan magani kullum har ƙwayar cutar ta daina nunawa a awon jini, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. In ya daina, cikin makonni cutar ke farfaɗowa. Maganin kyauta ne, galibinsa da tallafin Global Fund, asusun duniya na yaƙi da cututtuka irin su ƙanjamau, yake zuwa, amma kuɗin mota zuwa asibiti daga aljihun majiyyaci yake fita. Nemo waɗannan mutane da mayar da su kan magani shi ne rigakafi mafi araha da na sani.

Sai masu ciki, kuma a nan zuciyata take, don ni nake karɓar haihuwa. Uwa mai ɗauke da cutar in ba ta sha magani ba, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 za su kamu, ko a ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. In an gano da wuri ta kama magani, adadin yakan sauka ƙasa da 5. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa a ranar awo, cikin mintoci sakamako ya fito. Yawancin matan da nake gani ba su san suna da ita ba, da yawansu ma namiji ɗaya suka taɓa sani. Ranar da kayan gwaji suka yanke mana, nakan duba layin masu awo in ji tsoro, don ban san wacce zan sallama da ɗanta cikin haɗari ba.

Akwai kuma 'ya'yanmu da aka yi wa fyaɗe a hanyar gudu. Akwai maganin da ke hana kamuwa, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara cikin awa 72. Ko an wuce da sa'o'i kaɗan, dama ta kuɓuce. Jinin da ake ƙara wa masu rauni da masu haihuwa shi ma sai an tantance kowace leda.

Yanzu ga inda ka fi jin nauyi. Direban da ke bin hanyar Port Sudan zuwa Kassala zuwa nan, da leburan da ke wata da watanni a gonakin riɗi da dawa ba iyali kusa, da matar da yaƙi ya raba da miji da gida har yunwa ta kai ta inda ba ta so. Ban ce abin da ake yi daidai ne ba, wa'azi kuwa naku ne. Amma direban nan gida zai koma, ga matarsa tana cikin kulle, ga cikin da za ta ɗauka baɗi. Gwajin da na yi masa, da kwaroron roba da aka ba shi, ita suke karewa. In muka kunyata su suka ɓuya, cutar ba ta ɓuya tare da su, ɗakunan aure take shiga.

Faɗakarwar da kake so tana da amfani, kuma ba ta bukatar ko sisi daga kuɗin magani, tunda mumbari yana hannunka. Roƙona, Baba, ka faɗa wa magidanta ranar Juma'a su bar matansu su zo awo tun cikin yana ƙarami, su ma su rako su a gwada su tare. Wadda aka keta wa haddi kuma, a kawo mana ita tun a ranar, kafin a zauna shawarar dangi.

'Yarka,
Ungozoma a Gadarif