Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya tambaye ni a taron unguwa a Garwa

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Kun tambaya a bainar jama'a cewa in za a kafa masana'antar narka ma'adinai, ba gara a kai ta cikin duwatsu ba, tunda dutse ba gona ba ne? Allah ya ƙara girma, ban yarda ba.

Ku dubi Tingilin ko duwatsun Mandara da damina. Akwai hano, kukkuki, dashi, ƙariya, ɓauren da ke cusa saiwarsa a tsaga, da gansakukar nan mai toka-toka da ke manne a jikin dutse. Yawancinsu a kan ƙasar da ba ta fi tafin hannu kauri ba suke rayuwa, ba su da inda za su ɓoye saiwa in guba ta sauka.

An gani a Sudbury ta Kanada, inda ake narka nikel da tagulla. Hayaƙin farar wuta ya haɗu da ruwan sama ya zama asid, garin ƙarfe ya zauna a ƙasa. Gansakuka ta fara tafiya, don daga iska take shan komai. Ganyaye suka bi, ruwa ya wanke 'yar ƙasar, duwatsu suka yi baƙi ƙirin. Gwargwadon kusanci da masana'antar, gwargwadon raguwar ire-iren tsirrai, sai 'yan ciyayi masu taurin rai. A 1972 aka ɗaga bututun hayaƙi mai tsawon mita 381. Garin Sudbury ya samu sauƙi, gubar ta tafi wa na nesa. Daga 1978 aka shiga barbaɗa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Figil, don kashe asid ɗin ƙasa, ana dasa miliyoyin itatuwa. Kore ya dawo, amma ƙananan tsirran da ba wanda ke renonsu a gandu sun fi jinkiri, kuma su ne masu magani ke hawa dutse nema.

Namu ma'adinin na Minim-Martap da Ngaundal, a yankin Adamawa na Kamaru, na alminiyam ne, irin wanda ake narkawa a Edeya tun 1957. Gubarsa daban ce, fulorayid. Tana ƙona bakin ganye, ta zauna a ciyawa, ta ɓata haƙora da ƙasusuwan shanu. Makiyayan Adamawa ya kamata su fara jin wannan.

Ni ba na ƙin masana'anta, Baba, 'ya'yanmu na neman aiki. Amma in an kira ku taron jin ra'ayi, ku nemi a ƙidaya tsirran dutsen kafin a aza tubali, a faɗa muku abin da zai tace hayaƙin, da inda iskar hunturu za ta kai shi.

Naku,
Malamin kimiyyar tsirrai, Garwa