Ƙwayoyin gado da ciwon zuciya: a sa jininmu cikin binciken

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan toshewar jijiyoyin zuciya, cutar da ke ɗauke magidanta ba sallama. Mutum zai dawo daga Kasuwar Barci yana dafe ƙirji, gumi na keto masa, a ce gajiya ce ko olsa.

Don gano tushen cutar, masana na zuba bayanan ƙwayoyin gado (wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyayensa) na dubban mutane a kwamfuta, ta kwatanta na masu cutar da na masu lafiya. Ta haka aka gano wani gurbi a cikin ƙwayoyin gado mai suna 9p21 a 2007, wanda ke ƙara haɗarin kamuwa. A 2006 kuma bincike kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9 na rage mugun kitse a jini. Yau har allurai ake yi bisa wannan ilimi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, galibin waɗanda ake bincika Turawa ne. Ina roƙon Jami'ar Jihar Kaduna da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko su horar da matasanmu a wannan fanni, gwamnati ta sa kuɗi, kuma a nemi yardar jama'a kafin a ɗebi jininsu.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna