Wasiƙar Makaranta: Makon Harafin Ɗ

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yaranmu na sashen nazare da aji ɗaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Muna gaishe ku da fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya kuma ɗarin nan da muke ciki? Allah ya sa mu ga wucewarsa lafiya.

In kwanan nan ɗanku ya dawo gida da yashi a farce, ko kun ji 'yarku tana zagaya tsakar gida tana rera "ɗa, ɗe, ɗi, ɗo, ɗu", to daga wurinmu abin ya fito. Mun shiga harafin ɗ, kuma mako guda cur za mu yi a kansa. A kansa zan yi yawancin maganar wasiƙar wannan wata, sanarwa kuma tana ƙasa.

Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ranar da muka fara, ta ce, "Malama, mako guda a kan harafi ɗaya? Ɗan maƙwabciyata bai kai nawa ba, amma har Z yake kaiwa." Na ji daɗin tambayar, don na san iyaye da yawa suna da ita a rai, kunya ce ta hana su faɗa. Abin da yaron nan ya iya waƙa ce, kuma iya waƙar ba laifi ba ne. Amma a ɗora yatsa a kan harafi guda a tsakiyar allo a ce masa "wane ne wannan?", sau da yawa sai ya koma farko yana rerowa har ya iso wurin, in ma ya iso. Ban da haka, waƙar ta haruffan Turanci ce guda 26, babu ɓ a ciki, babu ɗ, babu ƙ. Hotunan haruffa da ake sayarwa a kasuwa, masu tuffa da ƙwallo, su ma haka. Sai yaro ya haddace q da v da x, waɗanda rubutun Hausa bai damu da su ba, alhali bai taɓa ganin harafin da ake fara rubuta "ɗaki" da shi ba, ɗakin da yake kwana a ciki.

Abin da ya sa nake son wannan harafi shi ne yaranku sun riga sun san shi. Yaron da ya tashi da Hausa a baki, tun yana shekara uku yake cewa "ɗauke ni", "ɗan ba ni", "da daɗi". Ba zai kira doki ɗoki ba. Kunnensa da harshensa sun gama karatunsu tun a gida, a bayan uwa da kan cinyar kaka. Ido ne aka bari a baya. Aikinmu a aji shi ne mu haɗa idon da abin da bakin ya daɗe da sani, shi ya sa da sauti muke farawa kafin mu ɗauki alli.

Ranar farko malamar aji takan sa kowa ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaro ya ce "da", sannan ya ce "ɗa". Ku gwada da kanku yanzu. A na biyun za ku ji maƙogwaron ya ɗan yi ƙasa, kamar mutum zai haɗiyi wani abu. Masana harshen Hausa suna kiran irin wannan sauti haɗiyau saboda haka, shi da ɗan'uwansa ɓ. Yara kan yi mamaki ƙwarai su ji abu yana motsi a wuyansu, har su riƙa taɓa na juna.

Daga nan sai wasan tagwayen kalmomi. Malama ta ce "gada", masu ganin ta motoci ce su tsaya a dama. Ta ce "gaɗa", 'yan mata su fara tafi. Akwai daka da ɗaka, kada da kaɗa, daidai da ɗaiɗai. Wanda ya fi kama su shi ne da aka rubuta jimla biyu a allo, "Baba ya tafi fada" da "Baba ya tafi faɗa", aka karanta musu. Ajin ya kaure da dariya, wani yaro ya miƙe ya ce shi babansa ba ya faɗa da kowa. Malama ta kira shi gaban allo ta ce to ya nuna mata wace jimla ce ta babansa. Ya tsaya ya duba, ya sake dubawa, ya ɗora yatsa a kan wadda ba ta da ƙugiya. Tun daga ranar bai sake ɓata wannan harafi ba, don ya ga cewa 'yar lanƙwasar nan tana iya kai mahaifinsa gaban sarki ko ta kai shi cikin rigima.

Wajen rubutu kalmomi uku muke amfani da su, kuma ina roƙon a yi amfani da su a gida don kada yaro ya ji baki biyu: tulu, sanda, ƙugiya. A fara zagaya tulu, a tsayar da sanda a damansa, sannan a lanƙwasa kan sandar zuwa dama. Mun ce musu irin ƙugiyar da ake ciro guga da ita ce in ya faɗa rijiya. Babban Ɗ kuwa, na farkon suna irin su Ɗanladi da Ɗanjuma, tasa ƙugiyar a hagu take, daga sama. Ba ma ba su fensir a ranakun farko. Faranti ne da yashi, a rubuta da yatsa, a girgiza, a sake. Wani lokaci a iska suke zana shi da hannu gaba ɗaya, wani lokaci a bayan juna, mai baya ya canki abin da aka rubuta masa. Yashi yana da wata fa'ida da takarda ba ta da ita: kuskure ba ya zama a kansa, don haka yaro ba ya tsoron sake gwadawa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Haruffa huɗu ne suke kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya: b, d, ɓ, ɗ. Yaranku za su juya su. Za su rubuta b a wurin d, za su sa tulu a dama maimakon hagu, wani ma sunansa gaba ɗaya zai rubuto daga ƙarshe zuwa farko. Don Allah kada a dake su a kan wannan, kada a kira su daƙiƙai. Ku duba yadda yaro ya san duniya kafin ya zo mana. Buta, ko bakinta ya kalli gabas ko ya kalli yamma, buta ce. Takalmi ko an kife shi takalmi ne. Duk abin da ya sani a rayuwarsa sunansa ba ya canzawa don an juya shi. Sai ga shi yau mun ce masa wannan zanen in ya kalli nan sunansa kaza, in ya kalli can ya zama wani. Sabon abu ne ga ƙwaƙwalwarsa, kuma tana bukatar lokaci. Yara masu lafiya lau, masu kaifin basira, suna wannan juyi har wajen shekara bakwai. Ga kuma yawancin namu da yamma suna Islamiyya ko makarantar allo, inda ake farawa daga dama a nufi hagu, da safe kuma mu ce daga hagu. Yaron da yake ɗauke da rubutu biyu a kai yana ɗan shekara biyar, yabo ya kamace shi.

Ni kaina na sha bulala a aji ɗaya a kan b da d. Abin da dukan ya koya mini shi ne in ɓoye littafina a ƙarƙashin hijabi in ce na manta shi a gida. Wata yayata ce ta warware mini matsalar a tsakar gida, da tsinke a ƙasa, cikin kwanakin da ba su kai mako ba. Shi ya sa a wannan sashe ba a ɗaga wa yaro bulala a kan harafi, kuma ina roƙon gida ya taya mu.

Na san a cikinku akwai masu cewa su ba su yi boko ba, me za su iya. Kun iya da yawa. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san babbaƙu kafin farfaru, ya san cewa sai an gane baƙi tsuransa sannan a ɗora masa wasali. Hanyar da muke bi ke nan, ɗ tukuna, sannan ɗa, ɗe, ɗi, ɗo, ɗu. Malaman allo kuma tun da daɗewa suka gane cewa yaro ya fi riƙe harafi in an ba shi suna mai kama da siffarsa: ha kuri, mim jaye, lam ara, ɗa mai hannu. Wannan na ƙarshen, mai sanda a tsaye kamar ya ɗaga hannu, da shi masu ajami suke rubuta sautin nan namu na ɗ. Saboda haka kakan da ya iya ajami yana iya zaunar da jikansa ya zana masa ɗa mai hannu, jikan ya zana masa ɗ mai ƙugiya a gefe, su ga cewa murya ɗaya ce ta sa riga biyu. Zan so in ji labarin gidan da aka gwada haka.

Ƙugiyar nan ma ba da ita boko ya zo ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ba a rubuta ɗ yadda muke rubuta shi yau. Marubutan farko ɗigo suke sawa a ƙarƙashin d, ko su maƙala masa waƙafi a sama. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka zauna a rubutun Hausa, zamanin da ake buga littattafai a Zariya ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Yau da su ake rubutu a Najeriya da Nijar, har Fulatanci ma yana amfani da ɗ da ɓ. Masu 'yan'uwa a Maraɗi ko Damagaram za su lura da bambanci guda, can ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Sunan Maraɗin ma ga ƙugiyarsa nan a ciki.

Abin da muke nema daga gida bai wuce minti goma a rana ba, kuma ba sai an sayi komai ba. Uwa tana tsame ɗanwake ta tambayi yaro da wane sauti sunan abincin ya fara. A aike shi ya nemo abu uku a gida masu ɗ a sunansu. Zai kawo ɗankwali, ya nuna ɗaki, wataƙila ya tsaya a gaban jakar kuɗi. A ƙirga tare a ji inda yake fitowa, ɗaya, huɗu, ɗari. Wanda ya iya rubutu ya rubuta "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" da manyan baƙaƙe a bayan kwali, yaro ya zagaye ɗ duk inda ya gan shi. Kalmar da na fi so a gwada shi da ita ita ce "daɗi", don d da ɗ suna zaune a cikinta kusa da juna. In ya gaji a ƙyale shi, gobe ma rana ce. In kuma bahago ne, a bar shi ya riƙe fensir da hannun da ya fi masa sauƙi. Ladabin cin abinci da dama na gida ne kuma muna girmama shi, amma tilasta masa sauya hannun rubutu a daidai lokacin da yake fama da dama da hagun haruffa nauyi biyu ne a kan ƙaramin yaro.

Akwai roƙo guda da ya shafe mu manya. Yawancin saƙonnin da muke aika wa juna a WhatsApp babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu, "dan", "kudi", "daya", haka muke bugawa, kuma yaran nan suna leƙen wayoyinmu. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa, in an ƙara ta haruffan suna samuwa. Duk wanda ya zo ɗaukar yaro ya ga abin ya gagare shi, ya miƙa wa malamar aji wayar, minti biyu ya isa. Daga wannan wata duk saƙon da zai fito daga makaranta da ƙugiyoyinsa zai fito, mun ɗaukar wa kanmu wannan.

Wasu alamomi kuma bai kamata a yi shiru a kansu ba. In yaro yana kai takarda dab da hanci, ko yana ƙanƙance ido in ya kalli nesa, ko sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, ko kunnensa yana zubar da ruwa, a kai shi asibiti a duba, a kuma sanar da mu don mu matso da shi gaba. Haka nan wanda ya haura shekara takwas yana nan yana juya haruffa duk da ƙoƙarin da ake yi, ku zo mu zauna mu ga taimakon da ya dace da shi. Maganar za ta tsaya tsakaninmu.

Sanarwa: saboda sanyin safiya, mun yarda yara su sa rigar sanyi kowace kala a kan kayan makaranta har ɗari ya wuce, a kuma shafa musu mai a leɓe da ƙafa, don kaushi yana hana wasu zama a tabarma. A rubuta sunan yaro a cikin rigar, akwai guda bakwai a ofis da ba mu san masu su ba. Kowane ɗan nazare ya zo da tsohon faranti ko murfin roba mai faɗi ranar Litinin, yashi muna da shi. Mako mai zuwa harafin ɓ za mu shiga, na bayansa kuma ƙ. Taron iyaye da malamai yana nan ranar Asabar ta ƙarshen wata da ƙarfe 10 na safe, kuma 'yan aji ɗaya za su karanta muku kalmominsu na farko, don haka muna son ganin iyaye maza su ma.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Wassalam,
Shugabar sashen nazare da ƙananan azuzuwa