Godiya ga Baba mai walda da mutanen shagonsa a Brownsburg

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa zuwa ga ma'aikatan wani ƙaramin shagon gyaran inji ne da ke bayan layin manyan garejin tsere a garin Brownsburg, jihar Indiana ta Amurka. Na san babu mai jin Hausa a cikinku. Ɗiyata ta yi alkawarin karanta muku da Turanci ranar Asabar, amma ni da harshen da na tashi ina godiya da shi zan rubuta, don in na yi da Turanci sai ta fito a bushe kamar takardar banki. Ban sa sunan shagon ba saboda dattijon da nake son yabawa ya hana ni. Ya ce aikin da ke gabansa ma ya ishe shi, kada in jawo masa ƙari.

Ni bakanike ne. A Panteka ta Kaduna na koyi riƙe sifana, yanzu kuma ina zaune a Indianapolis, daga Litinin zuwa Juma'a ina gyaran manyan motocin dakon kaya. Ƙarshen mako nakan bi wata ƙaramar ƙungiyar tseren mota, ni ne mai kula da kulochi. Ba albashi ake ba mu ba, sai kuɗin mai da abinci da ɗakin kwana. Maigidan ƙungiyar sana'arsa ta ainihi haƙa rijiyar burtsatse, abin da ya samu a can shi yake zubawa a nan.

Ga 'yan'uwa da ba su san irin wannan tsere ba, ba zagaye ake yi ba. Motoci biyu ne za su jeru, fitila ta ba da kore, su miƙe ƙafa 1,000, wato wajen mita 305, shi ke nan an gama. A ajin da muke, wanda ake kira Top Fuel, mota kan cinye wannan tazara cikin ƙasa da daƙiƙa 4, tana gudun da ya haura mil 330 a awa. Da can ƙafa 1,320 ake yi, sai hukumar NHRA mai shirya wannan tsere ta rage a 2008 bayan hatsarin da ya kashe Scott Kalitta. Injin yana ba da ƙarfin doki kusan 11,000, kuma ba fetur yake sha ba, wani mai ne da muke kira naitiro, wanda in aka tayar da mota kana kusa sai hawaye su zubo maka ko ba ka so. Abin da ke cin kuɗi shi ne, duk gudu ɗaya sai an kwance injin nan kaf, a fitar da fistin, a duba ringi da bawul, a sauya fulogi 16, a zare faifan kulochi suna turiri a sa wasu, a sake ɗaurawa cikin kusan awa guda. Wannan fa in komai ya tafi lafiya ke nan. Mai son yin kakar wasa cikakkiya, maganar miliyoyin daloli yake yi a shekara. Mu tsere kaɗan muke zaɓa mu je, shi ma da ƙyar.

A watan Yuli kamfani ɗaya tilo da sunansa ke jikin motarmu ya janye. Saƙon layi biyu suka turo wa maigida, wai sun sake tsarin talla. Ni da hannuna na ɓare tambarinsu daga jikin motar, ya bar wani fili baƙi wayam, ko'ina muka je mutane sai sun kalli wurin. Ban ma ga laifinsu sosai ba, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tony Schumacher, wanda ya ci kambun Top Fuel sau 8, ya zauna a gida duk kakar 2019 bayan rundunar sojan Amurka ta daina ɗaukar nauyinsa. John Force, mai kambu 16 a ajin Funny Car, ya rasa tallafin kamfanonin Castrol da Ford a ƙarshen 2014, kuma a 2020 da annoba ta zo ya ajiye motocinsa har ƙarshen shekara. Ita kanta gasar, a 2020 ɗin Coca-Cola ta janye sunan lemonta Mello Yello daga kanta, kamfanin Camping World ya karɓi ɗaukar nauyin, daga 2024 kuma Mission Foods. To ina ga mai haƙa rijiya?

Duk da haka muka je Brainerd a jihar Minnesota a tsakiyar Agusta, da 'yan kuɗin da maigida ya tattara. A gudu na biyu gasket ya saki, wuta ta bi tsakanin silinda biyu ta cinye almuniyam ɗin tof silinda, wato murfin saman injin, kamar an sa wuƙa mai zafi a man shanu. Washegari aka sake yin haka a ɗaya gefen. Muka loda tirela muka dawo da tof biyu ƙonannu, saura mako biyu a fara U.S. Nationals, tseren da ya fi kowane girma a shekara, wanda ake yi a ƙofar gidanmu lokacin hutun ranar ma'aikata a farkon Satumba. Ga wasu 'yan kasuwa biyu da maigida ya gayyata su zo su ga motar da idonsu, ko Allah zai sa su sa mana kuɗi. In ba mu fito ba, maganar ta mutu.

Ni aka ɗora wa yawon neman gyara, don na fi kowa kusa. Wuri na farko gini ne mai gilashi, har da kujerun zama da injin kofi. Yaron da ke gaban tebur bai ko kalli abin da na ɗauko ba, tambayarsa ɗaya: wace ƙungiya? Da na faɗa, sai ya leƙa kwamfuta ya ce mako shida. Ina tsaye a wurin wani ya shigo sanye da rigar wata babbar ƙungiya, aka karɓi nasa aka ce ya dawo jibi. A gabana, wallahi, ko kunyar ido babu. Wuri na biyu suka ce za su yi, amma sai an biya duka kafin su taɓa, kuɗin kuwa ya kai albashina na wata biyu. Na uku na kira sau biyar, kullum wai mai ba da amsa ya fita. Kwana huɗu na ɓata a wannan je-ka-ka-dawo, ina satar lokacin cin abincin rana a wurin aikina. Ranar Alhamis da yamma na zauna cikin mota gwiwa a sanyaye, na riga na fara tsara yadda zan gaya wa maigida. Wani direban tirela ne ya ce in gwada ku, ya kwatanta mini da hannu, don ko allo babu a bakin titi.

Baba, da kai nake magana yanzu. Ka tuna ranar ka tambaye ni me "Baba" ke nufi, na ce haka muke kiran wanda ya haife mu da duk wanda ya kai ya haife mu, ka yi dariya ka ce ka karɓa. Saura minti ashirin ku tashi na shigo. Ba ka tambaye ni sunan ƙungiya ba. Ka ce in ɗora a kan benci, ka gyara tabaran nan naka da aka ɗaure ƙafarsa da waya, ka sa babban yatsa kana bin ramin da wuta ta ci a hankali, kamar mai duba ƙurji a jikin yaro. Ka daɗe ba ka ce komai ba. Sannan ka ce na farko zai gyaru. Na biyu kuwa ka goge shi, ka fesa masa wani jan ruwa, ka goge, ka fesa fari, sai ga wani siririn jan layi ya fito daga mazaunin bawul ya nufi ramin fulogi. Tsagewa ce da idona bai gani ba, alhali shekara nawa ina wannan sana'a. Ka ce wannan ko nawa zan biya ba za ka taɓa shi ba, domin mutum ne zai zauna a gaban injin nan, ba buhu ba. Na san wuraren da za su lafta masa walda su karɓi kuɗi su yi shiru.

Na ɗauka a nan za a tsaya. Sai ka shiga ciki ka turo wani tof a kan amalanke, duk ƙura, ka ce na wata ƙungiya ce da ta rufe ta bar maka shi a madadin bashi. Ka ce mu yi tseren da shi, in ya dawo lafiya mu maido, in ya ƙone mu yi magana daga baya. Ko takarda ba ka sa na sa wa hannu ba.

Daren nan ban tafi ba, kai ma ba ka kore ni ba. Na ga yadda ka kankare wurin da ya ƙone har sai da ƙarfe mai kyau ya bayyana, ka sa shi a tanda ya ɗauki zafi tukuna, ka ce almuniyam in aka yi masa walda da sanyinsa daga baya yake ramawa. Kana cike ramin ɗigo-ɗigo, kana tsayawa, kana komawa. Da magariba ta yi ka ga ina waige-waige, ba tare da na ce komai ba ka yanko sabon kwali ka shimfiɗa mini a lungun da babu mai, ka kashe rediyo har na idar. Na yi aiki da mutane da yawa a ƙasar nan, masu kirki ma a cikinsu, amma wanda ya kashe rediyo kai ne na farko. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raba hannun nan da rawa.

Sauran aikin, sharar fuska da sauya mazaunin bawul da gwajin iska, yaranka suka yi, ranar Talata komai ya kammala yadda aka ce. Baiwar Allah da ke riƙe da littafin kuɗi kuma, da ta ga na tsaya ina kallon takardar, ita da kanta ta ce a raba biyan gida uku, na farko bayan tsere. Ban roƙa ba. Ke ma na gode, Allah ya raya miki zuri'a.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan ɗabi'a ta zama abin mamaki. A wannan harka yanzu tambarin da ke kan rigarka ake gaisarwa, ba kai ba. Kowa kukansa ɗaya, kaya sun yi tsada, kuma gaskiya ne: taya, mai, dizal na tirela, ɗakin otal, ga harajin shigo da almuniyam da ƙarfe da gwamnatin Amurka ta ninka zuwa kashi 50 cikin ɗari a Yunin 2025. Amma tsada ba ita ke hana mutum ɗaga waya ba, ba ita ke sa a ce maka mako shida a ce wa na bayanka jibi ba. Sun manta gurbin motoci 16 ake cikewa ranar tsere, kuma manyan ƙungiyoyi su kaɗai ba sa cika shi. Ƙananan nan da ake yi wa kallon hadarin kaji su ne ke cike ƙasan jeri, ranar da suka gaji suka sayar da tirela, mota ɗaya za ta riƙa gudu ita kaɗai a layi, ɗan kallo kuwa ba don haka ya biya kuɗin ƙofa ba. Filayen tseren ma ga su nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na Englishtown ya daina a 2018, na Atlanta ya rufe bayan 2021, na Houston bayan 2022, Bandimere na Colorado bayan 2023. Kuma ba a tsere kaɗai ba, ko a garejin da nake aikin yau da kullum, mai mota ɗaya sai ya jira a gama da mai motoci ɗari, ko da shi ya riga zuwa. A Panteka maigidana yakan ce mai Vespa na yau shi ne mai tirela na gobe, ya sallame shi da fara'a. Ban sani ba ko har yanzu haka ake yi a can, na daɗe ban je gida ba, kuma labarin da nake ji daga abokai bai cika daɗi ba.

Mun fito a Indianapolis. Mun samu gurbi can ƙasan jeri, aka haɗa mu da ɗaya daga cikin manya, ya wuce mu tun zagayen farko ranar Litinin. Amma motar ta kai ƙarshen layi da ƙafarta, silinda takwas duk suna wuta, lemar da ke tsayar da motar ta buɗe lafiya. Cikin baƙin nan biyu ɗaya bai sake ɗaga waya ba, ɗayan ya ce zai ɗauki nauyin taya na tsere biyu, mun karɓa hannu bibbiyu. Filin nan baƙi a jikin motar yana nan, sai dai ya ɗan ragu.

Tof ɗinka na aro yana bayan motata, na wanke shi na naɗe da bargo, ranar Asabar zan kawo tare da kason ƙarshe na kuɗin. Uwargida ta ce in gaya maka za ta sake yin tsiren nan, amma wannan karon za ta ware yajin daban, don wancan karon ta ji labarin yadda ka yi ta tari kana share ido kana miƙo hannu a ƙara.

Naka,
Bakaniken kulochi, daga Indianapolis