Ƙananan jiragen shaƙatawa: an bar jaki ana dukan taiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na saurari shirinku na makon jiya kan tsaron sararin samaniya, ta intanet kamar yadda na saba. Wani bawan Allah ya bugo waya ya ce ƙananan jiragen nan da mutane ke tuƙawa don nishaɗi kamata ya yi a hana su tashi ko'ina a duniya, tunda kowa na iya cika ɗaya da bam ya afka wa gini. Baƙonku ya ce maganarsa na kan hanya, aka wuce. Da na kasa kunne sai na lura duk cikin masu maganar babu wanda ya taɓa zama cikin irin wannan jirgi. Ni kuwa ina zama, kusan duk Asabar ɗin da gari ya yi kyau kuma aljihu ya yarda, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ni haifaffen Zariya ne, aikin jinya ya kawo ni jihar Maryland a Amurka. Gidanmu ba nisa da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964. Mun tashi muna ganin jiragen ɗalibai suna kewaya gari, su sauka su sake tashi, mu bi su da ido muna ɗaga hannu. Ban taɓa ganin tsohuwa ta tsinke da gudu don ɗayansu ya gifta ba. Wannan sha'awar ta yarinta ce ta kai ni wani ƙaramin filin jirgi a nan, na yi rajistar koyo. Ranar da na gaya wa yayana ta waya, shiru ya yi, can ya ce, "Kai yanzu da irin sunanka, a Amurka, ka rasa abin koyo sai jirgi? Ka rufa mana asiri mana." Na ce, "Yaya, ai ƙarami ne." Ya ce, "Su waɗanda za su zo kama ka, awo za su yi?"

Na yi dariya, amma na san inda tsoronsa ya fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma duniya ta sha sara ranar 11 ga Satumba 2001. Sai dai jiragen da aka yi wannan ta'asa da su manyan jiragen fasinja ne, Boeing 767 da 757, kowanne ɗauke da mai lita dubbai. Wanda nake haya Cessna 172 ne, mai farfela ɗaya da kujera huɗu. In ka cika shi da mutane da kaya da mai, nauyinsa duka bai wuce kilo 1,150 da 'yan kai ba, wato Corolla da ba kowa a cikinta ta fi shi nauyi. Tankinsa lita 200 ne ko kusa da haka. Jikinsa siririn ƙarfen goran ruwa ne, da hannu muke jawo shi daga rumfa. In manya huɗu masu jiki suka shiga, dole a rage mai kafin ya iya tashi lafiya. To, a ina za a loda abin da zai rushe gari?

Kada a ce ra'ayina ne kawai, an gwada an gani. A Satumban 1994 wani mutum ya saci Cessna 150 ya faɗa da shi harabar fadar White House, shi kaɗai ya mutu. A Janairun 2002, ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar, wani yaro ɗan shekara 15 ya saci Cessna 172 ya cusa shi cikin wani dogon gini a Tampa ta jihar Florida. Ofis ɗaya ya lalace, yaron ya rasa ransa, ginin yana nan. A Afrilun shekarar wani ƙaramin jirgi ya daki dogon ginin Pirelli a Milan ta Italiya, mutum 3 suka mutu har da matuƙin. A Fabrairun 2010 wani mai jin haushin hukumar haraji ya afka wa ofishinta a Austin ta jihar Texas, ya kashe kansa da ma'aikaci ɗaya. Rai ko ɗaya ne ba abin wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Amma a ajiye waɗannan gefe guda, a ɗauko motar ɗaukar kaya da aka yi haya aka cika da takin zamani a Oklahoma a 1995, ta hallaka mutum 168. Ko babbar motar da aka bi ta kan jama'a da ita a Nice ta Faransa a Yulin 2016, mutum 86. Ban ji wanda ya ce a hana hayar mota ba, domin kowa na da ɗan'uwa direba, kowa na buƙatar a kawo masa kaya. Matuƙan ƙananan jirage kuwa tsiraru ne, ba wanda zai yi musu zanga-zanga. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba zan ɓoye abin da ke wuyan hujjata ba, tunda ma a ƙasarmu ya faru. A watan Mayun 1969, lokacin yaƙin basasa, wani Bature ɗan Sweden mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar samfurin MFI-9, irin na koyo da yawon shan iska. A Gabon aka harhaɗa su, aka ɗaura musu rokoki, suka riƙa tafiya dab da kan itatuwa suna kai hari filayen jirgin Fatakwal da Benin da Inugu, suka lalata jirage a ƙasa. Haka 'yan tawayen Tamil na Sri Lanka suka kai hari sansanin sojan sama na Katunayake a Maris ɗin 2007 da ƙananan jirage ƙirar ƙasar Czech. Saboda haka ƙaramin jirgi na iya zama makami, wanda ya musa bai karanta tarihi ba. Amma a duba su wane ne suka yi. Runduna ce mai riƙe da yanki, mai titin jirginta a daji, da makanikanta, da hanyar sayo rokoki. Duk dokar da ka kafa wa malamin makarantar da ke hayar jirgi awa ɗaya ranar hutu, ba ta isa kunnen irin waɗannan ba, don ba izininka suka nema ba tun farko.

A ganina, abin da ƙaramin jirgi ya fi iya rusawa shi ne martabar masu tsaro. Ranar 28 ga Mayu 1987 wani matashin Bajamushe ɗan shekara 18, Mathias Rust, ya taso daga Helsinki a Cessna 172, ya keta duk garkuwar samaniyar Tarayyar Sobiyet, ya sauka dab da dandalin Red Square a Mosko. Ko akuya bai taka ba. Amma shugaban Sobiyet Gorbachev ya sallami ministan tsaro da shugaban rundunar kare samaniya. Irin wannan kunyar ce kowane babban jami'i ke gudu, kuma mai gudun kunya ba ya tsayawa lissafin kilo da lita.

A nan inda nake, kullum muna shan ɗacinta. Tun 2003 aka killace samaniyar birnin Washington, yanzu da wani da'ira mai nisan kusan kilomita 55 ta kowace fuska. Kafin ka shiga sai ka shigar da takardar tafiya, a ba ka lamba ta musamman da na'urar jirginka za ta riƙa nunawa a rada, kuma ba ka yanke magana da masu kula da zirga-zirga har ka fita. A tsakiya akwai wani da'irar da ya fi tsanani. Cikinsa filin College Park yake, wanda ke aiki tun 1909, inda Wilbur Wright, ɗaya daga 'yan'uwan da suka ƙera jirgin sama na farko, da kansa ya koya wa hafsoshin soja tuƙi. Yau ba ka sauka can sai an ɗauki hoton yatsunka an ba ka lambar sirri. Ranar 11 ga Mayu 2005 wasu mutum biyu daga Pennsylvania, a Cessna 150 mai kujera biyu, suka ɓata hanya suka faɗo cikin da'irar. Aka kwashe mutane daga majalisa da White House, dubban ma'aikata suna gudu a titi, wasu takalmi a hannu. Jiragen yaƙi F-16 suka tare su, aka tilasta musu sauka a garin Frederick na Maryland. Da aka bincika, taron baje kolin jirage za su a North Carolina. Shugaba Bush kuwa yana can yana tuƙa keke a Maryland, sai da komai ya lafa aka gaya masa. Matuƙin ya yi sakaci, an ƙwace lasisinsa, kuma daidai ne. Amma hoton da ya zauna a zukatan mutane na gudun ne, ba na jirgin da iska mai ƙarfi ke iya kifarwa a inda aka ajiye shi ba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na Chicago. Akwai wani ƙaramin fili a bakin tafki, Meigs Field. Magajin garin, Richard Daley, ya daɗe yana son mayar da wurin lambun shaƙatawa, bai samu yadda yake so ba. Daren 30 ga Maris 2003 ya tura katafila, aka farfasa titin jirgin da manyan alamun X, ba sanarwa. Gari ya waye jirage 16 sun maƙale a ciki. Da aka tambaye shi, sai ya ce tsaro. Tarar da hukumar jiragen sama ta ci birnin kan rashin ba da sanarwa dala 33,000 ce. Yau lambu ne a wurin. Mu da muka fito daga inda muka fito, mun san yadda kalmar tsaro ke buɗe wa mai mulki ƙofar da doka ta rufe.

Ba cewa nake a sake kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Akwai matakin da na ga amfaninsa da idona. Tun 2004, baƙon da ba ɗan ƙasa ba ba ya fara koyon tuƙi a Amurka sai an binciki tarihinsa. Na kai fasfo, na dangwala yatsu, na jira, kuma ban ji an ci mini fuska ba, don tambayar mai ma'ana ce: wane ne wannan da za a miƙa wa makulli? Ranar farko da na je filin, wani dattijo da ke zaune bakin rumfa da kofin gahawa ya taso ya tare ni, ya ce wa nake nema. Raina ya ɓaci, na ce a zuci, launin fata ne. Bayan wata biyu ina goge gilashin jirgi, na ga ya taso wa wani farin mutum mai kwat da taye da wannan tambayar, har ya raka shi ofis. Ashe ɗabi'ar wurin ce, ƙungiyar matuƙa ma na kwaɗaitar da ita. Ƙaramin fili kamar unguwa yake, an san motar kowa, an san wanda bai zo ba mako biyu. Yanzu nima in na ga baƙuwar fuska kusa da jirage, sai na je mun gaisa.

Haɗarin da ke cikin wannan harka na gaske ne, sai dai kan wanda ke ciki yake faɗawa. Ɗaruruwa ke mutuwa duk shekara a Amurka a haɗuran ƙananan jirage, sau da yawa don hazo ko hadari ya rufe matuƙin da bai ƙware ba, ko mai ya ƙare, ko taurin kai ya sa ya tashi ranar da ya kamata ya zauna gida. Wannan shi ke hana matata barci, ba ta'addanci ba. Shi ya sa malamina ya fi ɓata lokaci kan koya mini fasa tafiya fiye da koya mini tashi.

Mai bugo wayar ya kuma ce wasan masu kuɗi ne. A Najeriya ban ga laifinsa ba, don wanda yawancinmu muka taɓa jin yana tuƙa jirgi da kansa shi ne marigayi Gwamna Danbaba Suntai na Taraba, shi ma sai da ya yi haɗari kusa da Yola a Oktoban 2012 labarin ya bazu. A nan kuwa jiragen kulob ɗinmu sun girme ni. Hayar awa ɗaya ta haura dala 150, lasisi kuma akasari ba ya samuwa ƙasa da awa 40 a sama, don haka ba araha ba ne. Amma abokan tafiyata akwai mai gyaran famfo, akwai tsohuwar malamar firamare. Ni da kuɗin aikin dare na biya nawa, a hankali, cikin shekara biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gida. A Maris ɗin 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a samaniyar Zamfara, lokacin da maganar jirage masu saukar ungulu da ake zargin suna kai wa 'yan bindiga kaya ta cika gari. Ba na raina tsoron manomin da aka ƙone masa rumbu. Amma in mutum bai taɓa tsayawa kusa da jirgi ba, duk abin da ya gifta a sama ɗaya ne a wurinsa, na soja, na masu safiyo, na ɗalibai, na asibiti, kuma jita-jita ita ke cike masa giɓin. Alhali jirgin farar hula na da lambarsa a jiki, kamar mota. Na Najeriya da 5N yake farawa, na Nijar 5U, na Ghana 9G, na Amurka N. Wanda ya iya karanta wannan ya riƙe, ko ya ɗauka a waya, ya ba hukuma abin da za ta bi, maimakon "an ce an ga jirgi".

Roƙona, Malam Edita, in za ku sake taɓa wannan batu, ku tura wakilinku Zariya ya zauna da malaman tuƙi da ɗalibansu, ya kuma tambayi masu shagunan da ke bakin hanyar kwalejin yadda suke ji in jirgi ya wuce ta kansu. In kuma kuna son muryar mai koyo da ya fara da furfura a gemu, ina nan, sai dai a kula da bambancin awa biyar zuwa shida da ke tsakaninmu, kada a tashe ni bayan aikin dare.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga jihar Maryland, Amurka