Shawara ga masu koyon zanen fuska da fentin mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu koyon zanen fuska da fentin mai. Da yawansu sukan buɗe hoton aikin wani gwani a waya, su hau dama launin fata tun ranar farko, sai aikin ya fito kamar an yaɓa laka. Kwaikwayon gwanaye tsohuwar hanyar koyo ce, domin tun 1793 gidan tarihi na Louvre da ke Faransa yake barin masu koyo su kafa allonsu gaban zane. Amma abin da ake kwaikwaya shi ne yadda gwanin ya jera aikinsa, hawa bisa hawa.

Ina ba da shawarar a fara da hoton Juan de Pareja, wanda Diego Velazquez na Sifaniya ya zana a Roma a 1650. Yana gidan tarihi na Metropolitan a New York, kuma ana sauke shi kyauta a shafinsu. Launukansa kaɗan ne, mutumin kuma mai duhun fata ne, irin fuskokin da mai zane a nan zai yi ta haɗuwa da su. Asalinsa kusan santimita 81 ne da 70, don haka kyallen zane mai 40 da 35 ya isa.

A shafa wa kyallen jeso, wato farin shafen da ake fara yi wa kyalle kafin fenti, sau 3, ana goga sanfefa tsakani. Sannan a tsinka amba, wato launin ƙasa mai duhu, da tafentin, ruwan tsinka fenti, a shafe kyallen duka, a goge da tsumma, a bar shi ya kwana. Farin kyalle yana ruɗin ido, komai ka ɗora a kansa sai ka ga ya yi duhu. A buga hoton a takarda, a ja masa layuka kamar gidajen dara, a ja adadinsu a kyalle, a kwafe da gawayi. A bi layin da siririn fenti, a kakkaɓe gawayin, in ba haka ba zai ɓata launi. A lura, gefen fuskar da ya juya nesa ya fi ƙunci, masu koyo kuwa sukan daidaita su.

Hawa na gaba amba da fari kawai, haske da inuwa mataki 5. A riƙa runtse ido kaɗan ana kwatantawa. Idan bai yi kama a nan ba, launi ba zai gyara shi ba.

Sai launi: fari, baƙi, ja da ocha mai ruwan ɗorawa. Kada a haskaka baƙar fata da fari, toka-toka take yi kamar ta mai fama da hunturu. A ɗaga ta da ocha da ɗan ja, a ajiye fari don kwalar riga da ƙyallin goshi da hanci. Inuwa a bar ta siririya, haske a yi shi da kauri.

Man da ake dama fenti da shi kuwa ƙaruwa yake yi daga hawa zuwa hawa. Na farko tafentin zalla, na biyu man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, kashi 1 tafentin kashi 2, na ƙarshe rabi da rabi. Fentin mai da iska yake bushewa, a hankali. Idan na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage. Kananzir a bar shi ga wanke buroshi. Lokacin hazo a jingina zanen fuskarsa na duban bango saboda ƙura. Banish, wato shafen ƙarshe mai sheƙi da ke kare zane, sai bayan wata 6. Tsumman da ya sha man linsid kuma kada a dunƙule shi a kwando, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje.

In an gama, a rubuta a bayan kyallen cewa kwafin aikin Velazquez ne.

Naka,
Wani malamin zane, Zariya